Alamun Iverson: Tarihin Harshen Kwamfutar da Aka Ƙera wa Tafireta

Ɗan firamare ya san cewa idan za a ce uku sau huɗu, × ake rubutawa, idan rabawa ce kuma ÷. Ranar da ya girma ya zauna koyon rubuta manhaja, sai a ce ya ajiye su, ya riƙa sa tauraro * a gurbin sau, karkataccen layi / a gurbin rabawa. Da wuya malami ya tsaya faɗa masa dalili, don shi ma haka ya tarar. Dalilin kuwa yana jikin wani tsohon inji. A 1957, lokacin da John Backus da abokan aikinsa na kamfanin IBM suka fitar da harshen FORTRAN, a jikin kati ake huda manhaja, kuma injin hujin alamu 48 kacal aka tanadar masa: manyan haruffa 26, lambobi 10, sai 'yan tsirarun alamu. Babu ×, babu ÷, ko < da > ma babu. Sai suka yi da abin da ke hannu. Tauraro ɗaya ya zama sau, biyu suka zama ninka lamba da kanta, daga baya kuma wanda zai ce wannan ya fi wancan girma sai ya rubuta .GT. tsakanin ɗigo biyu. Injin ya daɗe da shiga gidan tarihi, amma tauraronsa na nan a Python da Java da Excel.

Su kansu alamun makarantar, akwai lokacin da suke baƙi. Alkawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza a ƙarni na 9, da kalmomi zalla ya yi lissafinsa. Sai a 1489 aka fara ganin + da − a bugaggen littafi, na Johannes Widmann a Leipzig ta Jamus. Robert Recorde ya kawo = a 1557 saboda ya gaji da maimaita rubuta cewa wannan daidai yake da wancan. William Oughtred ya yaɗa × a 1631, ÷ kuma ta fito a littafin Johann Rahn a 1659. Ba a karɓe su salin-alin ba. Leibniz ya ƙi × don tana kama da harafin x, ya zaɓi ɗigo, kuma har yau Jamusawa ɗigon suka fi sa wa yaransu. Kowace alama sai da ta yi shekaru tana neman wurin zama kafin ido ya saba da ita.

Masanan Turai da Amurka da suka tsara harshen ALGOL a 1958 da 1960 sun so su riƙe wannan gado. A takarda sun rubuta × da ÷ da ≤ da ≠ da ¬, da ↑ don ninka lamba da kanta. Amma sun san injinan ba za su iya ba, sai suka yi sulhu: akwai yadda za a buga harshen a mujalla, akwai kuma yadda kowane kamfani zai lallaɓa shi a na'urarsa. Daga irin wannan lallaɓawa ne aka sami layin nan mai karkata baya, \, wanda Bob Bemer na IBM ya nemi a sa cikin jerin alamu a 1961 don a iya haɗa /\ da \/ a kwaikwayi ∧ da ∨. Da aka fitar da tsarin ASCII a 1963, akwai kibau biyu a ciki, ↑ da ←. Gyaran 1967 ya cire su ya sa ^ da _ a gurbinsu. Daga nan aka tsaya a kan alamu 95 da ake iya bugawa, kuma kusan duk harsunan da suka shahara bayan haka a cikin wannan shinge suka tashi.

Mutum ɗaya ne ya bi ta wata hanya daban. An haifi Kenneth Iverson a 1920 a gona, kusa da garin Camrose a lardin Alberta na Kanada, iyayensa jikokin mutanen Nowe ne. Ya bar makaranta bayan aji tara, a shekarun matsin tattalin arziki, ya koma noma, yana koya wa kansa lissafi mai zurfi daga littafi idan sanyi ya hana aikin gona. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fitar da shi. Ya yi aikin soja, ya ƙarasa karatun sakandare ta hanyar wasiƙa, sannan ya shiga Jami'ar Queen's ya gama a 1950, yana ɗan shekara kusan talatin. Daga can sai Harvard, inda ya yi digirin digirgir a 1954 a hannun mutum biyu: Howard Aiken, wanda ya tsara kwamfutar Mark I, da Wassily Leontief, masanin tattalin arzikin da daga baya ya ci kyautar Nobel. Aikin Leontief kuwa jadawali ne manya-manya, masu nuna abin da kowace masana'anta ke saya daga kowace. Ina ganin nan ne tushen komai. Iverson ya saba kallon lambobi a jere da a jadawali, dunƙule guda, tun kafin ya fara tunanin wani harshe.

Da aka ba shi koyarwa a Harvard kan sarrafa bayanai da na'ura, sai ya ga ba shi da rubutun da zai yi wa ɗalibai bayani da shi. Rubutun lissafi na gargajiya cike yake da saɓani, wata alamar a gaba, wata a baya, wata a sama. Harsunan kwamfuta kuma sun cika surutu a kan ƙananan abubuwa. Wajen 1957 ya fara ƙirƙiro nasa alamun, da alli a allo, ba tare da niyyar wata kwamfuta ta karanta su ba. Harvard ba ta ba shi kujerar dindindin ba, sai ya koma IBM a 1960, inda ya haɗu da Adin Falkoff, abokin aikinsa na shekara ashirin. A 1962 ya fitar da littafi mai suna A Programming Language, wanda daga haruffan farkonsa aka samo sunan APL. A cikinsa ne ⌊ ⌋ da ⌈ ⌉ suka fito, masu sauke lamba ko ɗaga ta zuwa cikakkiya mafi kusa: 3.7 ta sauka 3, 3.2 ta hau 4. Yau duk littafin lissafi na jami'a yana amfani da su, kuma mafi yawan masu rubuta su ba su san mai su ba. A 1964 shi da Falkoff da Edward Sussenguth suka bayyana dukan yadda sabuwar kwamfutar System/360 ke aiki da waɗannan alamu.

Saura a sa na'ura ta karanta su, kuma a nan ne sa'a ta shigo. A 1961 IBM ta fitar da tafireta mai suna Selectric, wadda ba ta da sandunan haruffa irin na da. Haruffanta 88 suna jikin wata 'yar ƙwallo da ke juyawa tana bugun takarda, Amurkawa suna ce mata ƙwallon golf. Ana iya cire ƙwallon a sa wata cikin daƙiƙa kaɗan. Iverson da Falkoff suka sa aka ƙera musu tasu. Suka jefar da ƙananan haruffa, suka bar manya a karkace, gurbin da ya rage suka cika shi da ⍳ da ⍴ da ∊ na Girkanci, da kibau huɗu, da × da ÷ na gaskiya, da ∆ da ∇ da ○ da ⎕. Wuri bai isa ba, sai suka yi dabara: ka buga alama, ka koma baya taki ɗaya, ka buga wata a kanta. ∆ da | suka haifi ⍋, mai nuna yadda za a jera lambobi daga ƙarami zuwa babba. ⎕ da ÷ suka haifi ⌹, mai warware lissafin jadawali. ○ da * suka ba da ⍟. Ko alamar motsin rai, !, haɗa ta ake yi da ɗigo da 'yar alamar zance a sama. Akwai ⍝, wadda suke kira fitila, ana sa ta a gaban bayanin da aka rubuta don mai karatu, wai don ta haska masa.

Gaskiya ita ma tafiretar ta tanƙwara shi. A littafin 1962 akwai ƙananan lambobi a saman harafi da ƙasansa, ƙwallon kuwa layi ɗaya miƙaƙƙe take bugawa. Dole aka baje komai, aka kuma yar da alamar rufewa, ⌊x⌋ ta koma ⌊X. Su da kansu sun ce wannan matsi ya gyara harshen, ya tilasta musu ƙa'ida ɗaya ga kowace alama. A 1965 Larry Breed da Philip Abrams suka rubuta ɗaya daga cikin manhajojin farko masu karanta shi, a Nuwamban 1966 kuma APL\360 ya fara aiki a cibiyar binciken IBM da ke Yorktown Heights a jihar New York. Mutum ya zauna gaban na'urar IBM 2741, ya buga lissafi, amsa ta fito nan take, a zamanin da sauran jama'a ke miƙa katunansu su dawo gobe.

Sai an ga alamun suna aiki ake gane abin da ya sa mutane suka kamu da son su. ⍳5 na nufin 1 2 3 4 5. Idan aka sa / bayan wata alama, to a cusa wannan alama tsakanin dukan lambobin jerin. Don haka +/⍳100 na tara ɗaya zuwa ɗari, ta ba da 5050. Canza + da ×, ka sami ninkin su duka. Sa ⌈, wadda tsakanin lamba biyu take zaɓar babba, sai ⌈/X ta ba ka mafi girma a jerin. Masu lissafi suna da ∑ don tarawa, ∏ don ninkawa, kalma daban don mafi girma, kuma ɗalibi zai iya gama jami'a bai lura cewa abu ɗaya ne ake yi sau uku ba. A rubutun Iverson ido ne ke gani kafin a yi bayani. Ya ware irin su / a aji na musamman, alamun da aikinsu sarrafa wasu alamun ne, kuma wannan rabewa ita ce mafi tsadar abin da ya bari. Haka ∘. take: tana haɗa kowane ɗan jeri na hagu da kowane na dama, har (⍳12)∘.×⍳12 ta zubo maka jadawalin sau ɗin da aka sa mu haddacewa, daga ɗaya sau ɗaya zuwa sha biyu sau sha biyu. Matsakaicin jeri kuwa (+/X)÷⍴X ne, wato jimla a raba da adadi, kamar yadda za ka faɗa da baki.

Akwai ƙa'idar da ta fi ba baƙo haushi. A APL, 2×3+4 na ba da 14, alhali a makaranta 10 ne. Iverson ya soke fifikon sau a kan tarawa, ya ce kowace alama ta ɗauki duk abin da ke damanta, a yi aiki daga dama zuwa hagu. Hujjarsa ita ce, da alamu huɗu ko biyar ana iya haddace wa ke gaba da wa, amma da alamu fiye da hamsin babu kan da zai riƙe. Wanda ke ganin wannan tsaurin kai ne ya dubi harshen C, mai matakan fifiko wajen 15. Dennis Ritchie, wanda ya ƙirƙire shi, ya rubuta daga baya cewa matsayin da aka ba & a ƙasa da == bai dace ba, an bar shi ne don kada tsofaffin manhajoji su lalace. Harsuna da dama sun gaji wannan tuntuɓe daga C, kuma har yau yana kayar da masu koyo.

Ga wani layi da 'yan APL ke yawan nunawa:

(~R∊R∘.×R)/R←1↓⍳R

Daga dama: a jero lambobi daga 1 zuwa R, a yar da ta farko, a kira sauran R. A yi jadawalin sau na R da kansa. A duba waɗanne lambobin ne suka bayyana a jadawalin, a juya amsar, a tsince waɗanda ba su bayyana ba. Abin da ya rage su ne lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya: 2, 3, 5, 7, 11. Masoya suna ganin ma'anar abin ce tsirara a rubuce. Masu suka kuwa irin wannan layi suke ɗagawa su ce harshe ne da ake rubutawa amma ba a karantawa, ko mai shi bayan wata shida sai ya yi zufa. Edsger Dijkstra, babban masanin nan ɗan Holan, ya rubuta a 1975 cewa APL kuskure ne da aka kai shi matuƙar kamala.

Ba na tare da Dijkstra, amma sukar tana da ƙafa. An yi 'yan APL da suka mai da gajarta abin alfahari, suna cusa aikin shafi guda a layi ɗaya don burge juna, wanda ya gaji aikinsu a ofis ya sha wuya. Inda na rabu da masu sukar shi ne da suke ɗora laifin a kan baƙuntar alamun. Wanda bai koyi karatun wani rubutu ba, duk shafin zane ne a idonsa, kuma wannan ba ya nuna komai game da rubutun. && da != da ->* ba su fi ⍋ bayyana kansu ba, sabo ne kawai ya ɓoye mana muninsu. Iverson malami ne kafin komai, har littattafan aljabara na sakandare ya rubuta da alamunsa. Da aka ba shi lambar yabo ta Turing a 1979, laccarsa a kan wannan ta tsaya, cewa alamun rubutu makamin tunani ne, mai kyau yana sauke wa ƙwaƙwalwa kaya, yana kuma nuna mata dangantakar da ba ta nema ba. Shekara biyu kafin haka, Backus na FORTRAN, a tasa laccar ta Turing, ya yaba wa Iverson a fili a kan nuna cewa ana iya rubuta manhaja ba tare da bin lamba ɗaya-ɗaya ba.

Shekarun 1970 su ne ganiyar harshen. Kamfanonin I. P. Sharp a Toronto da STSC a Amurka suna sayar da lokacin kwamfuta ta layin tarho, bankuna da kamfanonin inshora da masu tsara kasafi suna haya. MCM/70 ta Kanada, ɗaya daga cikin ƙananan kwamfutocin farko a duniya, da APL ta zo, haka ma IBM 5100 ta 1975. Sannan ƙasa ta juya. Allo ya maye gurbin takarda, kuma allon arha ba ya buga alama a kan alama. Mai son APL a kwamfutar tebur ta farkon shekarun 1980 sai ya sayi manhaja, ya canza wani ɗan guntu a cikin na'urar don alamun su fito, ya liƙa takardu a kan madannai, ya nemi firintar da ta san su. Idan ya aika wa abokinsa layi ɗaya ta wasiƙar intanet, shirme ne zai isa. A gefe guda VisiCalc ta 1979 da Lotus 1-2-3 ta 1983 suka ba akawu jadawalin da yake so ba tare da ya koyi ko alama ɗaya ba.

Mai rubuta Hausa ya san wannan ciwo a jikinsa. Shekara nawa muka yi muna rubuta k a gurbin ƙ, d a gurbin ɗ, ko mu bi takarda da biro muna lanƙwasa kawunan haruffa, don na'urar da aka sayo ba da mu aka ƙera ta ba? Shingen ASCII ɗin nan ne dai. Turawan da ba Ingilishi suke yi ba su ma sun ɗanɗana. A Denmak an ba Æ da Ø da Å gurbin [ da \ da ], a Jamus Ä da Ö da Ü, ga shi kuwa C ba ya tafiya sai da waɗannan baka. Shi ya sa ƙa'idar C ta 1989 ta halatta a rubuta ??( a madadin [, da ??< a madadin {, abin da ya zauna a harshen fiye da shekara talatin kafin a cire shi.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihin nan shi ne Iverson da kansa ya sauka daga kan alamunsa. Ya bar IBM a 1980 ya koma I. P. Sharp, a 1990 kuma, yana ɗan shekara kusan saba'in, shi da Roger Hui suka fitar da harshen J, wanda ya riƙe tunanin APL amma da ASCII zalla. ⍳ ta zama i. da ɗigo, ⍴ ta zama $, ÷ ta zama %, ⌈ ta zama >. ita ma da ɗigo. Matsakaici ya koma +/ % # kawai. J ya fi APL tsari ta fuskoki da dama, sai dai a idona ya fi shi wuyar karatu, don ɗigo ɗaya da ido zai tsallake yana canza ma'ana gaba ɗaya, alhali ⍋ da ⍒ suna nuna sama da ƙasa da siffarsu. Arthur Whitney, wanda ya yi aiki tare da shi, ya bi ta ASCII shi ma da harshen K a 1993, kuma manyan bankuna na amfani da zuriyarsa wajen tace cinikin hannun jari. Iverson yana gaban kwamfutarsa yana aikin J ne shanyewar jiki ta same shi, ya rasu bayan kwana uku, ranar 19 ga Oktoba 2004, a Toronto.

Tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode ya ba alamun APL gurbi, a kundin da ya karɓi ɓ da ɗ da ƙ, amma sai da aka yi shekaru kafin kowace na'ura ta iya nuna su ba tare da wahala ba. Da hakan ta tabbata, sai alamun suka fara dawowa. Dyalog APL na Ingila, wanda ya fito tun 1983, bai taɓa barin su ba. A Julia, harshen masu kimiyya da ya bayyana a 2012, kana buga \in ka danna Tab sai ∈ ta fito, kuma ÷ da ≤ da √ duk suna aiki. Raku yana karɓar × da ÷, tare da ba kowace alama takwararta ta ASCII ga wanda bai so. Masu tabbatar da hujjojin lissafi da Agda da Lean kullum cikin ∀ da → suke. Matasa ma sun ƙirƙiro sababbin 'ya'yan APL da sababbin alamu, BQN a 2020 da Uiua a 2023, na biyun har yana barinka ka buga sunan alama da haruffa, shi ya mayar maka da ita siffarta.

Wannan dabara ta Uiua ta taɓo matsalar da ta rage bayan an gama da ta na'ura. Alama tana bukatar sunan da za a furta, don malami ya faɗa a aji, abokin aiki ya faɗa a waya, makaho ya ji daga manhajar da ke karanta masa allo, mai neman taimako kuma ya sami abin bugawa a Google. 'Yan APL sun daɗe da sanin haka, shi ya sa kowace alama tasu take da laƙabi, ⌹ domino, ⍝ fitila. Harsunan da ke barin kowa ya ƙirƙiri alamarsa, irin su Haskell da Scala da Swift, a nan suke yawan tuntuɓe, mutum ya haɗa >>= da <$> da wasu goma nasa na kansa, bai raɗa wa ko ɗaya suna ba. Na Iverson ba su kai ɗari ba, an zauna an tace su shekara da shekaru, kuma ma'anarsu ɗaya ce a Toronto da Tokyo, ana koyar da su a jere kamar yadda ake koyar da abacada.